Gauta da Tumatir: Ɗan Gida da Baƙon da Ya Gaje Tukunya

Ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara, da waɗanda suka fi son karantawa a nutse.

Yau tarihin kayan miya na ɗauko. Na san wani zai ce, to mu da kullum maganarmu matasa da aikin yi da tsadar rayuwa, me ya kai mu ga tiren mai yalo? Ku dai biyo ni. Akwai tsirrai biyu 'yan uwan juna a gonakinmu, ɗaya an kashe masa biliyoyin naira, ɗayan ba wanda ya taɓa kiran taro a kansa, kuma yadda aka yi wannan rabon gadon ya shafi aljihun duk yaron da ke noman rani a yau.

Mu fara da zumuncin. Masana tsirrai sun sa gauta da tumatir a gida ɗaya, dangin da suke kira Solanaceae, kuma sunan mahaifi ɗaya suke amsawa. Gauta shi ne Solanum aethiopicum, tumatir kuma Solanum lycopersicum. Dankalin Turawa ma ɗan ɗakinsu ne. In ka fito tsakar gidan za ka tarar da barkono da attaruhu da tattasai, ka tarar da taba, ka tarar da zaƙami, wanda duk unguwar da ke da samari ta san ɓarnarsa. Gida ne da abinci da guba suke kwana tare. Gautan kura da ake hana yara taɓawa a bayan gari, shi ma nan aka haife shi.

In na ce gauta, har da yalo da ɗata nake nufi. Mu a baki mun raba su: yalo na ci ɗanye ana tafe ana gutsura, gauta na miya da fate, ɗata kuwa sai mai ƙarfin hali. Amma a wurin masana yawancinsu tsiro ɗaya ne da hannun manoma ya rarraba, wani aka bi zaƙinsa, wani aka bi ɗacinsa, wani kuma ganyensa aka nema.

Ka tsaya a gona ka dube su. Gauta yana tsaye da ƙafarsa kamar ƙaramar bishiya, furensa fari. Tumatir in ba ka kafa masa sanda ba kwanciya yake yi, furensa rawaya. Fatar gauta tauri gare ta, ka zuba shi a buhu ka ɗora a bayan mota, ya yi sati bai ce komai ba. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, fatarsa kamar ta jariri, kwana uku a rana ya fara kuka. Sannan ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: gauta ɗanyensa muke ci. In ka bar shi a jikin uwarsa ya nuna, ja yake yi jawur kamar tumatir, kuma a lokacin ya tashi daga na kasuwa ya koma na iri. Tumatir kuwa sai ya nuna ake nemansa, wato ranar da ya zama kuɗi ita ce ranar da ya fara mutuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gauta ɗan Afirka ne gaba da baya. Kakansa wani ɗan tsiro ne na daji mai 'ya'ya ƙanana masu ɗacin tsiya, Solanum anguivi, wanda har yau yana fitowa da kansa a wurare da yawa na nahiyar nan. Manoman Afirka ne suka yi ta zaɓe, shekara bayan shekara, suna ajiye irin wanda ya fi girma, wanda ɗacinsa ya yi sauƙi, har aka samu abin da muke ci. Babu sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu a littafi. Da Bature ɗan Suwidin ɗin nan Linnaeus ya zo raɗa masa suna a 1756, sai ya ce aethiopicum, don a wancan zamanin Turawa kusan duk ƙasar baƙar fata Itopiya suke ce mata. Ka je Senegal ka ji jaxatu a cikin shinkafa da kifinsu, shi ne. Ka je ƙasar Ibo, baƙo ya zo a kawo masa yalo da tunkuzar gyaɗa mai yaji a gefen goro, girmamawa ce babba. Ka je Kumasi, 'yan uwanmu na zango sun san miyarsa da doya. A Jos da kudancin Kaduna faten acca ba ya cika sai da gauta da yakuwa.

Tumatir kuwa daga ƙetaren teku ya zo. Kakansa na daji yana can gefen tsaunukan Andes, wajen Peru da Ekwado, 'ya'yansa ba su wuce girman wake ba. A Meziko aka mayar da shi abin gona sosai, kuma mutanen Aztek da harshensu na Nahuwatil suke cewa tomatl. Wannan kalmar ce duniya take ta juyawa a baki. Bature ya ce nasa, Balaraben Masar da na Sudan ya ce ɗamaɗim, mu muka ce tumatir, 'yan uwanmu na Nijar su ce tumati. Duk ranar da ka ce a ba ka tumatirin ɗari biyu, yaren mutanen da Sifaniyawa suka rusa wa daula a 1521 kake yi ba ka sani ba.

Bayan wannan rusau ɗin ne jiragen Sifaniya suka kai shi Turai. Abin dariya, a 1544 da wani likita ɗan Italiya mai suna Mattioli ya fara rubuta labarinsa, cewa ya yi an kawo wani sabon nau'in gauta, yana nufin dogon gautan nan na Asiya mai ruwan shuni da Larabawa suka kai musu tun da. Ya ce ana soya shi da mai da gishiri da yaji. Ka ga ke nan da farko da gauta aka gane tumatir. Kuma Turawa da yawa, musamman na arewa, sun daɗe suna tsoronsa, don sun ga kamarsa da 'yan uwansa masu guba da suka sani a dazukansu. Sai su shuka shi don ado. Sai a 1692 aka buga girkin miyar tumatir a wani littafin girki a Napoli. Sai a ƙarni na 19 Italiyawa suka shiga zuba shi a gwangwani, daga nan ne ya zama hajar da za ta iya tafiyar wata da watanni. Da Turawan Ingila suka zo ƙasarmu sai labari ya juye, suka dubi gautanmu suka ce masa tumatir mai ɗaci, wasu suka ce ƙwan lambu. Ɗan gida ya koma sai an kwatanta shi da baƙo kafin a gane shi.

To amma tekun nan ba hanya ɗaya aka bi ta ba. Lokacin da tsirran Amurka suke shigowa Afirka, masara da rogo da gyaɗa da barkono, jiragen da suke komawa mutane suke ɗauka. Barazil kaɗai an sauke mata 'yan Afirka kusan miliyan biyar kafin ta soke bauta a 1888. Gauta ya bi su. Har gobe yana can, suna kiransa jiló, kuma sunan daga harshen Kimbundu na Angola ya fito. A babbar kasuwar birnin Belo Horizonte, abincin da aka san wurin da shi hanta ce da gauta a soye da albasa. In ɗan Barazil zai kwatanta abu mai ɗaci, da jiló yake kwatantawa, kamar yadda mu muke yi da ɗata ko maɗaci.

Wannan wurin yana taɓa ni, don a cikin waɗanda aka sauke a Bahiya har da Hausawa, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo 1804. Su ne suka shirya tawaye a 1807, suka sake a 1809 da 1814, kuma akwai su a boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador. Nakan yi tunanin mutumin da aka kama a wajen Zazzau ko Katsina, aka bi da shi ta hannu da hannu har bakin teku, ba yare, ba dangi, sai wata rana ya ga gauta a bayan bukkar wani bawa ɗan Angola. Wallahi ban san abin da zai ji ba in ya gutsura. Tumatir ya yi tafiyarsa a matsayin abin mamaki da ake kai wa masu sarauta su gani. Gauta kuwa a hannun waɗanda aka sayar ya tafi.

Mu dawo gida. Ku tambayi duk tsohuwar da ta haura tamanin, da me ake miya tana yarinya? Za ta lissafo muku kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, yakuwa, lalo, taushe da kabewa, a sa daddawa, a sa barkono, a jefa gauta. Jar miya, wadda muke ce wa dage-dage, abincin birni ce da ta bi shinkafa da taliya ta shigo, ta bi ma'aikata da 'yan makarantar kwana da masu sayar da abinci a tasha. Yau yaron da aka haifa a Kano ko Maraɗi gani yake tun fil'azal haka tukunya take, ja. Alhali wannan jan bai fi shekarun kakarsa ba a yawancin gidaje.

Abin da ya mayar da tumatir sarki a arewa ruwa ne, kuma gwamnati ce ta kawo ruwan. Tumatir ba ya son damina tamu, cututtuka suna cinye shi, ba ya kuma son zafin bazara, furen zubewa yake yi. Sanyin hunturu yake so, lokacin da ba a ruwan sama. Da can sai ɗan abin da aka yi a fadama da jigo. Sai gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya gasa yankin Sahel, aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A takarda alkama aka fi so a noma da rani, don a rage shigo da ta burodi. Manomi kuwa ya yi lissafinsa, ya ga tumatir ya fi kawo kuɗi a hannu, ya bi tumatir. Haka aka yi a sauran wuraren da aka yi madatsai da kuma lokacin da injin ban ruwa ya yawaita a fadamu. Kasuwa irin ta Kwanar Gafan ta tashi, tireloli suka fara ɗaukar kwanduna zuwa Mile 12 a Legas, tafiyar kilomita kusan dubu.

Ba zan raina wannan ba fa. Tumatir ya gina gidaje, ya aurar da 'ya'ya, ya kai mutane Makka. Ya hana dubban samari tafiya cin rani, don aiki ya samu a gida: mai dashe, mai ban ruwa, mai tsinka, mai saƙa kwando, ɗan dako, direba, dillali. Duk wanda ya ce a bar tumatir a koma gauta bai san me yake faɗa ba.

Amma ku dubi sharuɗɗan da baƙon nan ya zo da su. Irin da aka fi nomawa shekara da shekaru, su Roma da UC82B, a Amurka aka ƙirƙiro su, na biyun ma a Jami'ar Kalifoniya, don injin girbi da masana'antar gwangwani. Yanzu kuma an koma irin haɗi na 'yan kamfani, wanda in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi ba zai ba ka abin da uwar ta bayar ba, dole ka koma shago. Taki na saye, maganin feshi na saye, fetur na injin ban ruwa na saye, kuma duk farashinsu dala yake bi. Sannan kowa lokaci ɗaya yake shukawa, don sanyin lokaci ɗaya yake zuwa, saboda haka kowa lokaci ɗaya yake tsinka. Daga Janairu zuwa Afrilu kasuwa ta cika ta batse, kwando ya faɗi warwas. Kun tuna na ce ranar da ya nuna ita ce ranar da ya fara mutuwa? To mai hatsi yana iya rufe rumbu ya ce sai farashi ya tashi. Mai tumatir ba shi da wannan bakin. Dillali ya san haka, shi ya sa yake zama a inuwa ya bar rana ta yi masa ciniki. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya lalacewa yake yi kafin ya kai tukunya. Abin da ya rage wa manomi shi ne ya yanka ya shanya a bakin titi ya yi kauɗa, ƙura tana bi ta kai.

Ana cikin haka kuma ƙasar tana kashe miliyoyin daloli wajen shigo da tumatirin gwangwani da na leda, yawancinsa markaɗaɗɗe ne daga Chana da ake kawowa a durom a ƙulla a nan. An yi ta ƙoƙarin kafa masana'anta. An yi Vegfru a wajen Dadin Kowa, an yi ta Ikara a jihar Kaduna, a Gana ma an yi ta Pwalugu a arewacin ƙasar, duk labarin kusan ɗaya ne, a buɗe, a rufe, a sake buɗewa da bikin yanke ƙyalle. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa tumatirin gwangwani a jerin kayayyaki 41 da ya hana wa dala a farashin gwamnati. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen zuwa kashi 50 cikin 100, ta ƙara dala 1,500 a kan kowane tan.

Mafi girma ita ce masana'antar Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta markaɗe tan 1,200 a rana. Ta fara aiki a Maris 2016. Ba ta yi wata uku ba ta tsaya, don babu tumatirin. Wata 'yar tsutsa ce ta shigo, Tuta absoluta, manoma suka laƙaba mata sharon, 'yan jarida suka ce Ebolar tumatir. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Tsutsar shiga take yi tsakiyar ganye ta yi ta ci daga ciki, ka yi feshi maganin ya zauna a waje ita tana ciki, kuma ba ta daɗewa take sabawa da maganin. Gona kore shar yau, bayan kwana kaɗan kamar an bi ta da wuta. A watan Mayu na shekarar jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin da ke yankunan noman sun tafi. Kwandon da ake rokon mutum ya saya a watan Maris ya ninka fiye da sau ashirin.

Kun san daga ina sharon ta fito? Kudancin Amurka. A Peru aka fara gano ta a 1917, ƙasar kakannin tumatir. Ta shiga Sifaniya a 2006, ta tsallaka arewacin Afirka, ta gangaro Nijar, ta shigo mana. Wato hanyar da tumatir ya bi shekara kusan ɗari biyar da suka wuce, ita ta biyo, ta zo ta tarar da ɗan garinsu an shimfiɗa shi kadada dubbai, iri ɗaya, lokaci ɗaya, ba maƙiyinta ko ɗaya a kusa. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2023 da 2024, har aka ga mata a intanet suna koya wa juna miyar kokwamba da karas, wasu kuma suka tuna ashe akwai miyar yalo.

Akwai kuma abin da ya faru a ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu. Kwana kusan shida aka yi. A Legas farashi ya tashi, gaskiya ne, aka yi ta murna a Facebook wai an nuna musu. Amma a Kano da Kaduna da Katsina tsakiyar kaka ce, tumatir ya nuna, ba mota. Mai shanu ya mayar da shanunsa ruga, mai wake ya mayar da buhunsa sito. Mai tumatir ya tsaya yana kallon jarinsa yana tsiyaya. Da yawa cikinsu samari ne da suka ci bashin taki da fetur, kuma ba su ne aka gayyata teburin sulhu ba.

To shi gauta ina yake duk wannan lokacin? Yana nan a gefen gona, a bayan gida, a kan tiren yarinya, a baron mai yalo a bakin tasha. Ba a gina masa madatsa ba, ba a sa masa haraji don kare shi ba, ba gwamnan da ya taɓa ayyana masa dokar ta-ɓaci. Ba wai ba ya ciwo ba ne, ƙwari suna cinsa, sharon ɗin ma takan taɓa shi. Amma yana yi da damina, yana yi da rani, kana tsinka yana sake zubawa wata da watanni, ganyensa ma miya ne. Masana na duniya suna da sunan da suke kiran irinsa, wai marayun amfanin gona, wato waɗanda miliyoyin mutane suke ci amma bincike da kuɗi suka tsallake su. An gama karanta ƙwayoyin halittar tumatir a 2012, ƙasashe goma sha huɗu suka haɗu a kan aikin. Na gauta sai a 2019, a ƙarƙashin wani shiri na marayun amfanin gonar Afirka. Muna da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ibadan tun 1975, tana da reshe a Bagauda nan kusa da Tiga, muna da Samaru. Amma ka shiga shagon kayan noma a kowane gari ka ce a ba ka ingantaccen irin tumatir, za a jero maka gwangwani da leda kala-kala da tutocin ƙasashe. Ka ce na gauta, sai a tura ka wurin wata tsohuwa a kasuwar ƙauye.

Wani abin haushin, wasu sun san darajarsa. Masu bincike a Italiya sun ɗauki juriyar da gautanmu yake da ita ga wata cutar ƙasa mai sa tsiro ya yanƙwane, suka shigar da ita cikin nasu gautan na shuni. Kuma akwai wani ƙaramin gari a kudancin Italiya, Rotonda, a yankin Basilikata. Mutanensa da suka je Habasha lokacin mamayar Mussolini, wadda ta fara a 1935, sun komo da irin gauta a kayansu. Suka shuka, ya karɓe su. Su sai ya yi ja suke ci, suna jiƙa shi a mai da ruwan tsami su zuba a kwalba. A 2010 Tarayyar Turai ta yi masa rajistar kariya, irin wadda ake yi wa cukunsu da man zaitun ɗinsu masu daraja, ba wanda ya isa ya sayar da wani gauta da sunan na Rotonda in ba a can aka noma shi ba. Suna yi masa biki duk shekara, baƙi suna zuwa. Gauta fa. Wanda mu in yaro ya ce sana'ar babansa ke nan sai 'yan aji su yi dariya.

Ita kuwa tsohuwar da na ce za a tura ka wurinta, ga yadda take yi. Tana zagaya gona ta zaɓi uwar da ta fi lafiya, ta hana kowa taɓa 'ya'yanta har su yi ja su yi laushi. Ta matse su a ruwa, ta tace, ta shanya irin a inuwa, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta ƙulle a tsumma ko ta zuba a gora ta rataye. Na wannan ƙauyen daban da na wancan, wani fari, wani kore mai zane, wani mai faɗi da tsaga-tsaga, kowanne da ƙasar da ya saba da ita da bakin da ya saba da shi. Ba a rubuce suke ba, ba su da lamba. Ranar da ta rasu, in jikokinta duk sun koma tumatir da shinkafa, sai a share ɗakin a zubar da ƙullin tsumman tare da sauran tarkace. Ku da kuke ƙauye ko kuke zuwa hutu, don Allah ku tambaya a gidajenku ko akwai mai irin wannan ƙullin, ku rubuto mana sunan da ake kiran irin da garin da yake.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.